Mai Lamba Takwas

Takardar da ake miƙa wa alƙalin wasa kafin a take ƙwallo tana da layi goma sha takwas, kowane layi da lambar riga da wurin suna. Ni nake cika ta, domin ni ne kocin. Amma akwai layi ɗaya da nake tsallakewa, na takwas. In na gama sai in miƙa wa kyaftin biro ya rubuta sunan da ya rage. Kyaftin ɗin ɗalibi ne daga arewacin Kamaru, mai natsuwa. Bai taɓa tambayata dalili ba, ina jin can wajensu ma haka ake yi.

Mai lamba takwas ɗana ne, ɗan farina.

A ƙauyenmu, gabas da Kano, uba ba ya kama sunan ɗansa na fari. Ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Ni ma ɗan fari ne, kuma mahaifina ya bar duniya ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙanena, "Kira mini wancan." Ban taɓa ɗaukar haka a matsayin rashin so ba. Da aka haifa mini nawa, ban zauna na yi shawara da zuciyata ba, harshena da kansa ya san abin da zai kauce wa.

Aikina a Guangzhou, can ƙasar China, lodin kaya ne. Ina da ɗan ofis a wani bene da ke kan titin Huanshi Lu, inda 'yan kasuwa ke tara mini kayansu in haɗa musu kwantena zuwa gida. Karatuna bai wuce sakandare ba. Shi ya sa da yaron ya samu gurbi a wata kwaleji a nan garin, zai karanta aikin lantarki, na yi kwana uku ina jin kamar ƙasa ba ta ɗaukata. Ban gaya masa ba. Na je filin jirgi na tarye shi, na karɓi jakarsa, na ce, "An iso lafiya?" Iyakar abin da na ce ke nan.

Ɗaliban ƙasashen waje na kwalejin suna da ƙungiyar ƙwallo, kuma kowace shekara in zafi ya sassauta ana yin gasa tsakanin kwalejoji, wasa duk Lahadi da la'asar. Makaranta ta ba su wani malamin motsa jiki, ɗan China, amma shi nasa sa hannu a takarda ne da buɗe ɗakin da ake ajiye ƙwallaye. Wani ya tsegunta musu cewa na taɓa buga wa kulob na unguwa a Kano kafin gwiwata ta lalace, har na horar da matasa. Suka zo ofis su huɗu suka roƙe ni. Ɗana ya rako su, amma ya tsaya a baranda yana kallon titi har muka gama magana. Na amsa.

Tun atisayen farko na ga abin da ban sani ba a tare da shi. Na bar shi yana da shekara tara, ina zuwa gida sau ɗaya a shekara, ban taɓa ganin ya buga ba. Ɗan tsakiya ne. Kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya san inda zai kai ta. Ba ya gudu da yawa, amma duk inda ya tsaya sai ka ga fili ya buɗe. Na tsaya bakin layi ina kallonsa, da na lura wasu na kallona sai na juya na hau mai tsaron gida da faɗa.

'Yan kallonmu ba ɗalibai ba ne. 'Yan kasuwar unguwar Xiaobei ne, baƙi 'yan uwana, waɗanda Lahadi ba su da wurin zuwa. Sukan cika tarago guda a jirgin ƙarƙashin ƙasa, da robobin ruwa da wani bokitin fenti da suka mayar ganga. Babu wanda ya taɓa shiga ajin kwalejin a cikinsu, amma "yaranmu" suke cewa. Biyu sun fi kowa baki. Ɗaya abokin sana'ata ne daga zangon Kumasi, ƙato, mai dariya da dukkan jikinsa. Ɗayan dattijo ne daga Maraɗi, mai sayen yadi da kayan ɗinki a unguwar Liwan, wanda bai taɓa buga ƙwallo ba a rayuwarsa, amma ya san abin da kowane koci a duniya ya kamata ya yi.

A wasan farko na sa yaron tun daga farawa. Muna canjaras babu ci har aka dawo daga hutun rabin lokaci. Sai mai tsaron baya ya turo masa ƙwallo a gaban ragarmu, ya karɓa yana fuskantar gida. Ni daga inda nake na hango wani ɗan gaba yana taho masa ta baya a guje. Shi bai gan shi ba. Abin da kowane koci zai yi shi ne ya ƙwalla sunan ɗan wasansa. Na buɗe baki, sunan ya zo ya tsaya. Abin da ya fito shi ne, "Kai! Kai!"

'Yan wasa uku suka juyo suna kallona. Shi kaɗai bai juyo ba. Aka ƙwace ƙwallon, aka zura. Da wannan aka ci mu.

Washegari na shiga gidan abincin da muke taruwa da azahar, a wani lungu bayan ofishina. Ban kai ga zama ba mutumin Kumasi ya ɗaga cokali.

"Koci ya iso! Ku matsa wa Koci. Loban, kawo masa ruwan zafi, muryarsa ta tafi jiya." Loban shi ne yadda ake kiran mai shago a nan.

"Murya tana nan," in ji wani Bakano mai sayar da wayoyi. "Suna ne meyo." Wato babu, kamar yadda 'yan kasuwar China ke cewa in ba su da kaya.

Aka kwashe da dariya. Mutumin Kumasi ya dafa kafaɗata. "Alhaji, tsakani da Allah, wane ne Kai? Na duba takarda, ban ga Kai a ciki ba. Sabon ɗan wasa ne ka saya?"

"Wasa ɗaya aka yi," na ce. "Kakar wasa yanzu ta fara. Ku yi haƙuri, akwai lokaci."

Dattijon Maraɗi bai yi dariya ba. Ya gane, domin can ma ana yin wannan kunyar. Da muka fito ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, na san mi ya riƙe ma baki. Amma hilin balo ba zauren gidanku ba ne. In ba ka iya kiran wanga yaro, ka ba wani aikin kiranshi."

Shawara ce mai kyau, ban bi ta ba. Na yi wani abu daban da na ɗauka wayo ne. A wasa na biyu na ajiye yaron a benci. Na gaya wa kaina cewa in na ci gaba da sa shi bayan kuskuren da aka gani, za a ce son kai nake, ɗana ne. Haka na faɗa wa kyaftin ma. Amma yanzu da nake rubuta wannan, na san ba shi ne dukkan dalilin ba. In yana benci ba sai na kira shi ba.

Aka ci mu biyu da nema. Tsakiyarmu ta zama hanya, kowa ya ga dama ya wuce. Bokitin fenti ya yi shiru tun kafin hutu, sai muryoyi a bayana.

"Koci, sa takwas!"

"Koci, barci kake?"

"Wannan ba koci ba ne, mai lodi ne. Ya loda mana biyu, ya ɗaure kwantena!"

Ban waiwaya ba. Yaron yana zaune a ƙarshen benci, ya ɗaure takalmansa tsaf, hannayensa a kan gwiwa. Duk lokacin da na matsa kusa da bencin sai ya gyara zama kaɗan. Na sa wasu uku, shi ban sa shi ba.

A wannan makon zauren hirar da muke da shi a waya ya cika. Wani ya ce tsarin 'yan baya huɗu ne matsalar. Wani ya ce atisayen da nake ba su na zamanin da ne, gudu kawai kamar dawaki. Wani ya kawo shawarar a nemo wani ɗan Senegal da ke aiki a wani otal, wai ya taɓa horar da sojoji. Mutumin Kumasi ya ɗauki murya ya tura, yana cewa shi in aka ba shi ƙungiyar, da ido rufe zai fi haka. Ban ji haushinsu ba sosai. Mutanen nan sun baro iyalansu, mako guda suna ciniki da harshen da ba nasu ba, Lahadi kaɗai suke samun abin da za su kira nasu. Ni nake lalata musu ita.

Wasa na uku ma na bar shi a benci har saura minti goma. Ya shiga an riga an ci mu, ya taɓa ƙwallo sau huɗu ko biyar, ko wanne sai da 'yan kallo suka miƙe. Aka tashi haka. Wasa uku, ba mu ci ko ɗaya ba.

Ran Talata da hantsi ya zo ofis, abin da ba ya yi sai na aika. Ina cikin lissafa kwalayen wani mutum, ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ni, ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Na ci gaba da aikina. Da mai kayan ya fita sai ya ce, "Baba, in akwai abin da nake yi ba daidai ba, a gaya mini in gyara."

Na dubi kwalayen. "Babu."

"Ko kuskuren ranar nan ne?"

"Ba naka ba ne."

Ya tsaya yana jira in ƙara. Maganar tana nan a bakina, gajeriya ce: kai ka fi kowa iyawa a ƙungiyar nan, ni ne na kasa. Abin da na ce shi ne, "Ka ci abinci?"

"Na ci, Baba."

"To. Kaka yanzu ta fara. A yi haƙuri."

"To, Baba." Ya sake durƙusawa, ya tafi. Na leƙa ta taga na ga ya hau gadar masu tafiya a ƙasa, jakar littattafai a kafaɗa ɗaya, har ya ɓace cikin mutane.

A wasa na huɗu na sa shi tun farko. Na kira kyaftin na ce duk abin da nake so a gaya wa mai lamba takwas, ta bakinsa zai bi. Shawarar dattijon ce, na ɗauke ta bayan mako uku. Ranar an yi yayyafi da safe, fili ya yi laushi. Yaron ya riƙe tsakiya kamar an gina ta don shi. Ya ba da fasin da aka ci ta farko. Ana saura kaɗan a tashi, muna ɗaya da ɗaya, ƙwallo ta dawo masa daga bugun kwana, ya ɗauke ta da ƙafar hagu tun ba ta taɓa ƙasa ba. Raga ta motsa.

Bokitin fenti ya fashe a ranar. Mutumin Kumasi ya ruga cikin fili da jallabiyarsa, alƙalin wasa na bin sa da usur. Mutum talatin suna kiran sunan ɗana da ƙarfi, suna maimaitawa. 'Yan wasa suka danne shi a ƙasa. Da ya miƙe, ya ture su, ya juyo wajen benci yana nemana da ido.

Na sunkuya ina gyara igiyar takalmina, wadda ba ta kwance ba.

Da na ɗago ya riga ya juya, yana komawa tsakiyar fili.

A jirgi muna dawowa mutumin Kumasi ya ce, "Koci, ka ga? Da ka ji maganarmu tun farko, da yanzu muna sama. Mu ne koci, kai mai riƙe takarda ne."

"Na ji," na ce.

"Ka ce masa wani abu kuwa? Ɗanka ya ci irin wannan ƙwallo! Ni da nawa ne, a wuya zan ɗauke shi har Xiaobei."

"Bar shi," in ji dattijon Maraɗi. "Shina da nashi hali." Sai ya dube ni ya rage murya. "Amma Alhaji, ko a ɗaka ne, ku biyu, ka hwaɗa mishi."

Na ce zan faɗa. Da gaske nake. Na shirya ran Juma'a bayan masallaci in kai shi ya ci nama, in faɗa masa muna tafiya, ba sai mun kalli juna ba.

Ran Laraba da safe ina Shahe, cikin kasuwar tufafi, ina duba dilolin wani mutum, wayata ta yi ƙara. Kyaftin ne. Ya ce yaron ya yi kukan ciwon kai a aji, ya miƙe zai fita, ya faɗi. Sun kai shi asibiti. Ban tuna yadda na fita daga kasuwar ba. Na tuna dai na isa da tef ɗin ɗaure kaya a hannuna.

Likita ya yi bayani, kyaftin yana fassara mini. Wata jijiya ce ta fashe a cikin kansa. Ya ce mai yiwuwa da ita aka haife shi, babu wanda zai sani, ba ƙwallo ba ce ta jawo. Sun yi abin da za su iya. Aka ba ni riga da hula, aka shigar da ni inda yake kwance, na'ura tana yi masa numfashi. Ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashin mayafi, da tabon takalmin ranar Lahadi a ɗan yatsansa.

Wata ma'aikaciyar jinya, mai kamar shekarun mahaifiyarsa, ta yi mini magana. Ban gane ba. Kyaftin, daga bakin ƙofa, ya yi jinkiri kafin ya fassara.

"Ta ce ka kira sunansa, Koci. Ta ce wani lokaci suna ji. Muryar iyaye suka fi ganewa."

Matar ta tsaya tana jira. Ba ta san komai game da ƙauyenmu ba. A wurinta uba ne a gaban ɗansa. Kyaftin ya ja ƙofa ya fita.

Na matsa kusa da kunnensa. Na kira shi. Sunan ya fito mini baƙo, kamar kalmar wani harshe, domin shekara ashirin da ɗaya ina jin sa a bakin mutane, ban taɓa jin nauyinsa a nawa ba. Na sake kira. Na gaya masa ƙwallon ranar Lahadi ta yi kyau, na gani, ban rasa komai a cikinta ba. Na gaya masa wasan farko laifina ne. Na yi ta kiran sunan har matar ta taɓa hannuna.

Ban sani ba ko ya ji. Na tambayi likita, ya ce shi ma bai sani ba. Yaron ya cika ran Alhamis kafin la'asar.

Na kira mahaifiyarsa a Kano. Ita ma ba ta kama sunansa. Na ce, "Yaron nan, Allah ya karɓi abinsa." Ta yi salati, sannan ta ce, "Kana wurin?" Na ce ina wurin. Ta ce, "To, alhamdu lillahi."

'Yan kallon nan su suka yi komai. Su suka bi takardu ofis-ofis, su suka yi masa wanka, su suka ɗauke shi. Mutumin Kumasi ya rufe ofishinsa kwana uku yana zaune a nawa, yana karɓar masu gaisuwa. A rana ta uku, da mutane suka ragu, ya ce, "Alhaji, maganganun da muka yi ta yi maka, ka yafe. Wasa ne."

"Gaskiya kuka faɗa," na ce. "Wasa biyu na hana shi. Ba su da yawa a wurinsa."

Ya rufe fuska da hularsa.

An ɗage wasanmu da mako guda. Ɗaliban suka aiko kyaftin ya ce in ba zan iya ba, sun fahimta. Na ce zan zo. Ranar Lahadin 'yan kasuwa sun fi kullum yawa, amma babu ganga, babu mai magana. Muka fara wasa da rauni, tsakiya a buɗe kamar da. Aka ci mu ɗaya. Na yi canjin da ni kaina na san bai dace ba, na saurara. Babu wanda ya ce uffan a bayana. Wannan shirun ya fi mini zagin ciwo, domin na san ba koci suke gani ba.

Can wajen ƙarshe mai tsaron bayanmu ya sake barin mutum ya wuce shi. Sai na ji muryar dattijon Maraɗi.

"Koci! Hidda wanga mai lamba huɗu, ya gaji!"

Na juya na dube shi. Ya ɗaga mini kai. Na kira mai lamba huɗu da sunansa, na fitar da shi.

Kafin a fara wasan nan, da na zauna cika takarda, na rubuta layi bakwai, hannuna ya tsallake na takwas da kansa kamar yadda ya saba. Da na gama kyaftin ya miƙo hannu zai karɓi biro, sai ya tuna, ya janye. Muka tsaya muna kallon layin. Alƙalin wasa yana jira.

Ban miƙa biron ba. Na rubuta sunan da hannuna, harafi bayan harafi. Kyaftin ya kai takardar, ya yi wa alƙalin bayani da harshensu. Mutumin ya dubi takardar, ya dube ni, ya ninke ta ya sa a aljihu.